Sakamako a Baibai

Ranar Talata ce, tun asuba ake ruwa, irin ruwan nan marar hayaniya wanda ba ya zuba da ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Mai Fenti ya iso ƙaramar sakandaren gwamnati ta unguwarsu ya yafa leda a ka, gwangwanin fenti biyu na karo da juna a cikin jakarsa. Shugabar makarantar ce ta aika a kira shi.

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar fita ta 'yan aji uku ya zo, a bangon bakin ƙofa ake rubuta shi, kuma duk shekara ruwa yake wanke shi tun iyaye ba su gama musu a kansa ba. Bana Shugaba ta ce ta gaji. Ofishinta na da wata ƙatuwar tagar gilashi mai kallon titi, sai Mai Fenti ya kawo shawara a yi rubutun a jikin gilashin, amma ta ciki. Ruwa ba zai taɓa ba, yara ma ba za su kankare da ƙusa ba. Ta tambaye shi ko ya taɓa yin irinsa, ya ce ai ba ya iya ƙirgawa. Gaskiyar magana sau ɗaya ya taɓa yi, a shagon wani mai aski, kuma kalma ɗaya ce tak.

Ta miƙa masa takardar sakamakon, wadda da safen nan aka kawo daga ofishin ilimi, ko malamai ba su gan ta ba. Ta ce tana da taro a wani gari, sai Litinin za ta dawo. In ya gama ya bar takardar a kan tebur, Maigadi ya kulle ofis. Ta buɗe lema ta fita.

Makarantar kashi biyu ce, don azuzuwan ba sa ɗaukar yaran unguwa a lokaci guda. Akwai 'yan safe, akwai 'yan yamma. 'Yan safe su ne waɗanda iyayensu suka san ranar buɗe rajista suka je da wuri: 'ya'yan ma'aikatan ofis, da na masu manyan shaguna, da na malaman asibiti. 'Yan yamma kuwa su ne sauran. 'Ya'yan direbobi da 'yan dako da masu wanki, da yaran da iyayensu suka tare a garin tsakiyar shekara ba su ma gama jin yaren gari ba, da 'yan mata birjik waɗanda safiyarsu ta raino ce ko ta tsaron shago. Kafin su shigo aji rana ta gama gasa kwanon rufi, malamai sun gaji, allin ma guntaye ne suka rage. Mai Fenti ya san wannan ciki da waje, don shi ma ɗan yamma ne a zamaninsa, har ranar da ya fita shan ruwa yana aji biyu bai koma ba.

Ya jingina da teburin ya bi takardar da yatsa. Gefen hagu 'yan safe, gefen dama 'yan yamma. Yawan ɗalibai, maza nawa, mata nawa, sababbin zuwa gari nawa. Duk wannan bai dame shi ba, layin ƙarshe yake nema, na waɗanda suka ci jarrabawa cikin ɗari. 'Yan safe saba'in da tara. 'Yan yamma arba'in da shida.

Nan take Auta ta faɗo masa a rai.

Auta ƙanwarsa ce, tana aji biyu na yamma. Babansu mai gyaran sikeli ne a kasuwa, mutum ne da bai yarda da baki ba sai lamba. Katin da Auta ke kawowa gida ƙarshen zango, mai cewa tana ƙoƙari, ba ya ko kallonsa. Ya ce malami zai iya rubuta wa kowa haka don a rabu lafiya. Ita kuma Gwaggo, ƙanwar Baba, mai shagon zare da maɓallai inda Auta ke yin safiya, ta daɗe tana nacin a bar mata yarinyar yini guda, tunda kanta na ja, ta kama sana'a da wuri. Baba ya yanke magana tun farkon zango. In bana rabin 'yan yamma suka ci, Auta ta shiga aji uku. In ba su kai rabi ba, ba zai bar 'yarsa ta ɓata shekara a inda faɗuwa ta fi ci yawa ba. Kuma kowa a gidan ya san Baba, in ya faɗi lamba ba ya ƙara mata ba ya rage mata.

Arba'in da shida ba rabi ba ne. Ko Mai Fenti da ya gudu daga lissafi ya san wannan.

Ya tuɓe rigar sama ya kama aiki. Rubutun bayan gilashi a baibai ake yin sa, yadda na tsaye a titi zai gan shi daidai. Yana da lambobin da ya yanka a jikin tsohon fim ɗin hoton asibiti, daga sifili zuwa tara. Sai ya kifa ɗaya, ya manna da salatif, ya dangwala soso a farin fenti ya bi ramin. Ya yi taka-tsantsan sosai. Kowace lamba sai da ya juya ta, masu biyu da masu uku ya faro su daga dama, don kada saba'in da tara ta koma casa'in da bakwai. Layin hagu na takarda ya sauko da shi a hagunsa, layin dama a damansa, kalmomin maza da mata da sauransu a tsakiya. Da suka sha iska ya ɗauko doguwar takardar da ya yanke kanun rubutun a jikinta, 'YAN SAFE da 'YAN YAMMA a jere, ya kifa ta gaba ɗayanta a sama, ya bi da jan fenti.

Ya leƙa waje cikin ruwan, ya ga babu harafin da ya juya wa titi baya, bakwai na kallon inda ya kamata ta kalla. Mai fenti ba karanta aikinsa yake yi ba, siffa yake dubawa, balle wanda hankalinsa ke gida. Ya wanke soso da kananzir, ya ajiye takarda, Maigadi ya kulle.

Ana cin abinci Baba ya tambaye shi abin da ya gani. Ya ce shi fenti aka ce ya shafa, bai tsaya karatu ba, gara Baba ya je ya gani da idonsa. Baba ya ce ai haka ne, da ya taɓa tsayawa karatu da ba fenti yake shafawa ba. Mama ta yi dariya. Auta ta kalle shi ta gefen ido, ya tura kai cikin kwano.

Washegari gari ya waye fes, rana ta fito kamar an wanke ta. Yana rumfarsa ta bakin titi yana rubuta lamba a bayan wata motar haya, yana ta saƙa yadda zai roƙi Baba ba tare da ya sha zagi ba, sai ga Baban da kansa. Mutumin da ba ya rufe rumfa da hantsi ko da zazzaɓi yake yi, ga shi tafe da kaji biyu riƙe ta ƙafa, bakinsa har kunne.

"Saba'in da tara," in ji Baba, yana ɗaga kajin kamar su ne shaida.

"Na 'yan safe ke nan," in ji Mai Fenti a hankali.

"Na 'yan yamma. Da hannunka ka rubuta, ba ka ma san abin da ka rubuta ba. 'Yan safe arba'in da shida. Duk gugar nan da ƙyallin takalma, ashe fanko ne."

Mai Fenti ya ajiye burushi a kan bayan motar mutane ya zura da gudu. Tun daga kwana ya hango taro a gaban tagar. Ya kutsa, ya tsaya, wannan karon ya karanta. Ga 'YAN YAMMA da ja, ga saba'in da tara a ƙarƙashinsa da fari, tsaf, babu ɗigo ko ɗaya. Nan take ya gane. Ya juya kowace lamba, ya juya kanun rubutu, amma bai juya layukan ba. Hagunsa a cikin ofis damar titi ce. Lambobin 'yan safe kaf sun koma ƙarƙashin 'yan yamma, na 'yan yamma sun koma ƙarƙashin 'yan safe.

Wani ɗan dako ya dafa kafaɗarsa ya ce hannunsa na da albarka. Wata mai wanki ta ce tun da aka gina makarantar ba a taɓa rubutu mai kyan wannan ba. Ya yi yaƙe ya ce aikin Allah ne.

Gyaran ba wuya gare shi ba. Maigadi na da makulli, shi kuma yana da reza a aljihu. Kafin a tashi 'yan safe zai iya kankare jajayen kanun nan biyu ya sauya musu wuri. Amma in ya yi haka, kajin nan sun zama na bankwana da makaranta. Ya taɓa rezar ta saman wando, ya ce bari dai taron ya watse tukuna.

Taron bai watse ba, sai ma ƙaruwa. Da azahar 'yan yamma suka iso tun ba a kaɗa ƙararrawa ba, abin da Maigadi ya rantse bai taɓa gani ba. Suka jeru bakin ƙofa suna jiran 'yan safe su fito, suna buɗe musu hanya da ladabin tsokana, suna tambayarsu ko suna bukatar a koya musu wani abu. Yaran da suka ɓace tun tsakiyar zango suka bayyana, wasu rigar makarantar ta ɗage musu har cibiya. Bencin mutum uku ya ɗauki biyar. Wani mai guga a layin bayan kasuwa ya ce duk ɗan yamman da ya kawo rigarsa a makon nan zai goge masa don Allah, ya yi ta guga har gawayinsa ya ƙare.

A gida Mama ta soya kajin. Gwaggo ta zo, ta cinye cinya, ta ce ita daman ba ta taɓa ƙin karatu ba, mutane ne ba sa fahimtar magana. Baba ya zagaye kasuwa rumfa-rumfa yana gyara sikelin da bai lalace ba, don kawai ya samu inda zai faɗi saba'in da tara.

Ranar Alhamis Mai Fenti ya yi ta maza ya je karɓar makulli. Sai ya tarar da malamin lissafi na 'yan yamma tsaye gaban gilashin shi kaɗai. Wani siririn dattijo ne da yara ke kira Saura Nawa, don da wannan tambayar yake rufe kowane darasi, kuma shi ya koyar da Mai Fenti kansa kafin ya gudu. Ya sa kwat, cikin zafin nan. Yana cire tabarau yana gogewa yana mayarwa. Da ya ga tsohon ɗalibinsa sai ya ce ƙurar alli ce ta shigar masa ido, ya kama hannunsa ya riƙe ya daɗe bai saki ba. Mai Fenti ya gaishe shi ya juya, rezar na nan a aljihu.

Ranar Juma'a ya sake komawa. Wannan karon layin iyaye ya tarar a ƙofar mataimakin shugaba, duk 'yan safe, kowa na son a mayar da ɗansa yamma. Mai Kemis ne a gaba, mutumin da ya sha faɗa a bainar jama'a cewa karatun yamma ajiyar yara ne kawai kafin iyayensu su dawo aiki. Yanzu yana bayani da ƙarfi cewa ƙwaƙwalwar yaro ta fi buɗewa bayan ya ci abincin rana, likitoci ma sun sani. A gefe kuma wata baƙuwar mata, cikin waɗanda suka tare bana, ta sa ɗanta yana karanta mata gilashin yana fassara mata da yarensu. Ta sa ya maimaita, sannan ta tsayar da shi ƙarƙashin jan rubutun ta ɗauke shi hoto da waya. Maigadi ya zaci yabo Mai Fenti ke zuwa karɓa, ya zuba masa shayi ya ba shi benci. Ya sha shayin ya tafi.

Ranar Asabar Auta ta kawo masa abinci rumfa. Maimakon ta ajiye ta wuce, sai ta kifa wani tsohon gwangwani ta zauna tana kallonsa yana ci.

"Yaya, mu nawa ne mata a ajinmu?"

"Ni na sani? Ni nake kiran suna?"

"Talatin da ɗaya. Maza goma sha biyu, har da wanda ba ya zuwa sai ranar ƙwallo. Duk azuzuwan yamma haka suke. Gilashinka ya ce maza sun fi mu yawa. Ya kuma ce sababbin zuwa gari goma sha takwas ne a yamma gaba ɗaya. Layin bencinmu kaɗai akwai bakwai."

Ya ajiye lomar. Ya sha ruwa, ya duba hagu da dama, ya tambaye ta tun yaushe ta sani.

"Tun kafin a yanka kajin."

"Kika kuma ci."

"To in bar wa Gwaggo?"

Ya yi dariya bai shirya ba, sannan ya matso ya rage murya. Ya ce ta rufa musu asiri su duka biyun. Baba ya riga ya faɗa wa kasuwa kaf cewa 'yarsa za ta aji uku, ba zai so ya janye ba. A bar maganar ta kwana, ta yi tsami, wataƙila Shugaba ta gyara a ɓoye ba wanda ya lura. Auta ta ce gilashin da rabin gari ya ɗauka hoto ba a gyara shi a ɓoye. Jibi Shugaba za ta dawo, kafin azahar labari ya kai kasuwa, kuma a bakin masu dariya Baba zai ji. In ya ji ta nan, ko roƙo ba zai saurara ba.

"Ni kuma ba na son in shiga aji uku da lambar 'yan safe," in ji ta. "Ta yi min yawa, kamar takalmin aro."

Ya ce to in Baba ya ce shago fa? Ta ɗaga kafaɗa, amma ya ga yadda take murza bakin gyalenta. Ya tuna ranar da shi ya fita, babu wanda ya kore shi, babu kuma wanda ya biyo shi. Ya rufe kwanon ya ce gobe da safe su tafi tare.

Lahadi titin makarantar shiru, sai wani kare kwance a inuwar katanga. Baba ya biyo su da fara'a, ya zaci wani sabon abin alheri za a nuna masa. Auta ta tsaya gaban gilashin ta fara daga sama, ba daga ƙasa ba. Ta nuna masa layin maza da mata, ta tambaye shi in ya wuce nan da yamma su wa ya fi gani suna shiga. Ya ce 'yan mata, kamar an buɗe kejin tsuntsaye. Ta nuna masa abin da gilashi ya ce. Ta sauko layin baƙi, ta yi masa irin tambayar. Fara'ar Baba ta fara janyewa. Mai Fenti ya karɓa, ya yi bayanin ciki da waje, hagu da dama, yana juya jiki yana nuni da hannu kamar mai ba da hannu a mahaɗar titi.

Baba bai bukaci a maimaita ba. Ya dubi ɗansa sama da ƙasa.

"Shekara nawa kana kallon madubi, ba ka san hagunka damar wani ba ce?"

Baba ya goya hannu a baya, ya matsa kusa da gilashin har numfashinsa na taɓa shi, ya daɗe a kan lambar da ke ƙarƙashin 'yan safe.

"Arba'in da shida," ya ce. "Wannan ce tamu."

"Ita ce, Baba," in ji Auta.

"Ba rabi ba."

"Saura huɗu."

"Na faɗi lamba, Auta."

"Ka faɗa. Amma huɗun cikin ɗari ne. Mu masu shiga aji uku na yamma ɗari da ashirin da biyar ne. Huɗu cikin ɗari a kanmu, mutum biyar ke nan."

Leɓen Baba ya motsa, yatsunsa na taɓa juna a bayansa. Ya gyaɗa kai, biyar ne.

Sai ta lissafo masa su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karanto kayan shago. 'Yar mai wanki, wadda ta san komai amma hannunta ke rawa ranar jarrabawa. Tagwayen wani direba, baƙi, lissafi a wurinsu kamar shan ruwa, tambayar ce ba sa ganewa sai an warware musu yaren. Ɗan ƙwallon nan, wanda ya dawo aji tun ranar Laraba kuma bai yi fashi ba. Da abokiyar zamanta mai barci, wadda ba ta bukatar komai sai mai mintsini. Ta ce tun da gilashin nan ya fito suke zama tare lokacin hutu a gindin tankin ruwa, su da kansu suka neme ta, don yanzu kowa ya ɗauka ana iya ci.

"Biyar ɗin nan ni zan ja su. In ka cire ni babu mai jan su, kuma an rasa guda cikin masu ci. Ka ga baya aka koma."

Baba ya juyo ya kalle ta. Ya tambaye ta, tunda shiru ya fi mata riba, me ya sa ta tona.

"Kai za a yi wa dariya gobe a kasuwa. Gara ka riga su sani."

Baba ya yi gyaran murya. Ya dubi karen, ya dubi katanga, ya sosa gemu. Can Baba ya ce, yana kallon gilashi ba su ba:

"Rabi na ce. Ban ce rabin wace shekara ba."

Mai Fenti yana wurin ranar da aka yi maganar, kuma da kunnensa ya ji kalmar bana. Ya haɗiye ta tare da yawu. Auta ta rufe baki da gyale, kafaɗunta na rawa, ba a san dariya take ko kuka ba. Da ta samu murya ta tambaya, Gwaggo fa? Baba ya ce Gwaggo ta ci cinya, bakinta ya mutu. Sannan ya nuna ɗansa da yatsa ya ce gobe ya riga matar nan zuwa, ya faɗa mata da bakinsa kafin ta karanta. A hanyar gida Baba ne a gaba, yana gwada yadda zai ba da labarin a kasuwa ta yadda shi zai fara dariyar, kuma duk yadda ya juya shi ɗansa ne ke shan kashi.

Litinin Shugaba ta sauko daga mota ta tarar da Mai Fenti tsaye bakin ƙofa, hula a hannu. Ya yi bayani. Ta je ta karanta gilashin, ta dubi layin iyayen da ya riga ya fara taruwa, Mai Kemis a gaba da ɗansa riƙe da hannu. Dariya ta kama ta har sai da ta zauna a bencin Maigadi. Da ta lafa ta goge ido, ta ɗaure fuska, ta ce kafin 'yan yamma su iso tana son gaskiya a tagarta.

Abin da ya fi yi wa Mai Fenti nauyi shi ne Saura Nawa, don haka shi ya je ya same shi a ɗakin malamai. Dattijon ya saurara har ƙarshe, kwat ɗinsa a jiki. Sannan ya tambayi lambar gaskiyar. Da ya ji, ya ɗaga gira.

"Arba'in da shida? Bara talatin da ɗaya muka yi. Ashe mun hau." Ya gyara wuyan kwat ɗin, bai cire ba.

'Yan yamma sun ji labari tun a hanya. An yi tsaki, an yi zagi, 'yan safe sun rama tsokanarsu har da ƙari. Amma da aka kaɗa ƙararrawa bencin mutum uku biyar ya sake ɗauka, don wanda ya goge riga ya fito ba ya son komawa gida a tambaye shi dalili.

Fentin kuwa ya riga ya kama gilashi kamar tare aka yi su. Mai Fenti ya yi ta kankara, reza na karyewa, gumi na zuba, yara sun manna hanci ta waje suna ba shi shawara. Wajen harafin ƙarshe ya danna da ƙarfi, sai ji ya yi ƙas, tsaga ta tashi daga kusurwa ta ratsa har ɗaya gefen. Kafinta ya zo ya cire gilashin ya buga falanki, a jikinsa aka rubuta sakamakon, ta gaba, Auta na tsaye tana karanto masa layi-layi.

Da aka zauna lissafin abin da aka rasa, bai yi yawa ba. Gilashi ɗaya. Kaji biyu. Reza huɗu da fatar babban yatsa. 'Yan safe sun rasa ɗalibai uku da aka riga aka mayar yamma suka ƙi komawa, ciki har da ɗan Mai Kemis, wanda ya ɗanɗana barcin safe ya ce shi da yamma mutu ka raba. Gwaggo ta rasa mai tsare mata shago da rana. Shi kuma Mai Fenti ya rasa sunansa, don daga ranar duk unguwar Baibai take kiransa, har Baba.